An killace Mma, amma na'urar awon jini tana yawo daki-daki

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, da fatan kai da abokan aikinka da masu karatu duk kuna lafiya. Dan Allah ka bani fili, maganar zata dan yi tsawo amma wallahi tunda muka baro asibiti take cina a rai, na fada a shago na fada a majalisa bayan isha'i, naga gara in rubuto ko zata kai kunnen wadanda zasu iya yin wani abu akai.

Ni dan Aboabo ne anan Kumasi, dinki ne sana'ata. Watannin baya mahaifiyata, Mma muke ce mata, ta kwanta a wani asibiti anan cikin gari, bazan fadi sunanshi ba dan ba tozarta kowa nazo yi ba, kuma mutanen nan sun mana kokari paa. Mma ta dade da ciwon suga, sai wani dan ciwo ya fito mata a kafa ya ki warkewa har ya zama gyambo, da aka debi ruwan ciwon aka auna sai likita yace akwai wata kwayar cuta mai taurin kai a ciki wadda suke kira MRSA, bata jin maganin da aka saba bayarwa, kuma ta tabawa take bi, dan haka dole a dauke Mma daga babban daki a kaita dan dakin gefe ita kadai. Aka manna takarda a kofa, aka aje safar hannu da rigar leda da bokitin Veronica, wato bokitin wanke hannu mai famfo, da sabulu a bakin kofar, akace duk mai shiga sai ya sa, in zai fito ya cire a jefa a kwandon nan sannan ya wanke hannu. Kwana 16 mukayi a dakin nan, ni nake kwana, yayata take wuni.

To ga abinda ya sani rubutu. Washegari da asuba wajen karfe biyar da rabi nas tazo awon safe, tasa safa tasa riga tsaf yadda aka tsara, ta turo na'urar awon jini irin mai tsaye akan tayoyi, ta daura ma Mma madaurin a damtse, ta makala mata dan abin nan na yatsa mai auna iska a jini, tasa mata abin awon zafi a hammata, ta rubuta, ta cire safa ta wanke hannu har gwiwar hannu, ni har dadi naji nace wannan ta iya aiki. Sai kuma naga ta kama na'urar nan yadda take ta turata cikin babban daki, gadon farko da ta tsaya wata tsohuwa ce da aka ma aiki a ciki kwana daya kafin nan, dinkin ma danye, ta daura mata wannan madaurin da yanzun nan ya sauka daga hannun Mma, hannun da Mma take kaiwa kan bandeji duk dare in kafar tana mata zugi.

Gabana ya fadi amma ban iya cewa komai ba. Kowa ya taba jinya ya san yadda mai jinya yake zama a asibiti, lallabawa kake, tsoro kake kar kayi magana ace ka cika iyayi a juya ma majinyacinka baya. Da gari ya waye sai na kira kanwata, diyar kanin babanmu, nas ce tana aiki a arewa, na bata labari nace ko ni ne ban gane ba. Tace Yaya ka gane sarai, abinda ka gani bai kamata ba, kuma ta zauna ta min bayani kusan awa daya a waya, daga baya ma ta rika turo min abubuwa ina karantawa da dare in Mma tayi barci.

Ashe kayan asibiti kashi uku aka rabasu, wani Ba'amurke ne mai suna Spaulding ya tsara rabon tun shekaru da yawa kuma har yau dashi ake aiki. Akwai masu shiga cikin nama da jini kamar wukar tiyata da allura, wadannan ko dai a dafasu a tukunyar tururi ko a yi aiki dasu sau daya a yar. Akwai masu shiga baki ko hanci ko makogwaro, suma akwai wanki mai karfi da ake musu. Sai na ukun, masu taba lafiyayyar fata kawai, madaurin awon jini, abin awon zafi, abin sauraren kirji da likita ke ratayawa a wuya, dan abin yatsa, sandar karin ruwa, keken tura mara lafiya, fo. Wadannan na ukun sune ake rainawa dan ba'a ganin jini a jikinsu, kuma sune suka fi kowane kaya yawo, daga gado zuwa gado daga daki zuwa daki safe da rana da dare. Ka'idar kuwa a fili take, in aka killace mutum saboda cuta mai bin tabi to kayan awonshi ma a killacesu tare dashi, su zauna a dakin har ranar da aka sallameshi sannan a wankesu da magani. In kuma kayan basu isa ba dole sai an hada, to a barshi ya zama na karshe a awo, kuma kafin na'urar ta taba wani sai an gogeta.

Gogewar ma ba wai a dan shafa auduga a wuce bane. In akwai datti a jiki sai an fara cireshi da ruwa da sabulu, dan jini da mugunya da maiko suna kashe karfin maganin. Bayan nan a goge da sifirit mai karfin 70 cikin 100 ko ruwan kilorin, a bar wurin da danshinshi a kalla minti daya ya bushe da kanshi, in ka share nan take kamar bakayi ba. Kilorin din ma wannan Parazone din ne da matanmu ke wanki dashi, in ka duba jikin galan kaga an rubuta 5 cikin 100, to awo daya nashi a zuba ruwa awo 49 na goge kaya da gado da hannun kofa, in jini ne ya zuba awo daya da ruwa awo 9. Kullum sai an hada sabo dan in ya kwana karfinshi raguwa yake, kuma ba'a hadashi da wani maganin wankin bayi dan hayakin da zai tashi guba ne. Kuma tace min akwai wata kwayar mai sa zawo a asibiti, C. diff, wadda sifirit da sanitaiza basa kasheta koraa, sai kilorin ga kaya, hannu kuma sai ruwa da sabulu, kuma tana iya wata da watanni a jikin karfen gado tana jira. Ita ma ta Mma din tana iya kwanaki har makonni akan busasshen abu.

Anan ne sana'ata ta shigo. Ni na san abinda yadi yake sha. Madaurin nan na dauka na duba da idona, yadi ne, bakinshi duk ya zare, kuma makalin nan mai kar-kar da muke sawa a jaka da takalmin yara shine a jiki, wanda duk tela ya san babu abinda baya kamawa, zare, gashi, auduga, kura, ko da tsinke ka zauna tsinta baka gamawa. To wannan ta yaya auduga da sifirit zasu shiga ciki? Irin wannan in ya tsufa ya yage yarwa ake, ko a samo mai santsi irin na roba da ake iya gogewa. Mu da kanmu a zango ai mun koyi wannan darasin wajen aski, yau wa zai yarda wanzami ya dauko askar da ya aske wani yasa mishi a kai? Ko kazo da taka ko a bude sabuwar reza a gabanka, mai kilifa kuma sai ya zuba sifirit ya kyasta wuta kana kallo. Abinda muka ki yarda dashi a shagon aski shi muke kallo a asibiti muna shiru.

Kar wani yace ai wannan matsalar kasar talakawa ce. A Ingila, garin Oksfod, tsakanin 2015 da 2017 wata cuta mai suna Candida auris ta addabi dakin masu jinya mai tsanani a babban asibitinsu, majinyata 70 aka samu da ita a jiki, aka yi ta bincike aka rasa ta inda take bi, ashe abin awon zafin jiki ne mai waya da ake sa musu a hammata ana cirewa a sa ma wani, kuma fa ana gogewa, lungunanshi ne basa gogewa, cutar bata lafa ba sai da aka kwashe na'urorin gaba daya. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 tace cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a kasashe masu arziki suke kwasar wata cuta a asibitin, a kasashe irin namu 15, kuma cikin goma da suka kwasa daya baya tashi. Mutum yazo da ciwo daya ya samu na biyu a inda yazo neman sauki, in ya rasu muce kwana ne ya kare, eh kwana ne, amma Allah zai tambayemu sakacin.

Wanda ya fi tada min hankali na'urar awon suga ce, dan ita da jini take aiki kuma Mma sau da yawa ake mata a rana. Kwayar ciwon hanta, hepatitis B, tana iya kwana bakwai ko fiye da rai a busasshen jinin da ido ma baya gani, kuma ansha samun barkewarta a gidajen kula da tsofaffi a Amurka ta dalilin hada na'urar suga da alkalamin huda yatsa. Alkalamin nan na mutum daya ne ko an canza tsinken. Wannan ya shafemu har gida, nawa ne a zango mutum daya ya sayi na'ura duk tsofaffin gidan haya suna layi da safe yana musu awo dan neman lada? Niyyar tayi kyau, amma kowa ya nemi alkalaminshi.

Kwana na uku na daure nayi magana. Na bari ta gama ta fito, nace Anti sannu da aiki, dan Allah kiyi hakuri da tambayata, na'urar nan ba za'a gogeta ba kafin ta koma ciki? Na zata zata hau ni da fada, sai tayi shiru ta dubeni tace dana, ka fadi gaskiya, amma na'ura daya ce mai aiki a duk dakin nan, dayar ta mutu tun tuni ana jiran mai gyara, mu biyu ne a daren nan, sifirit din da aka bamu na satin ya kare. Wallahi tausayinta ya kamani, matar nan tun karfe takwas na dare take tsaye. Daga ranar ta maida Mma karshen layi, kuma naga tana gogewa. Mu kuma muka hada kudi ni da yayata muka je kemis muka sayo karamar na'urar awon jini da abin awon zafi da dan abin yatsa, muka nuna ma babbar nas ta duba ta yarda, na rubuta lambar dakin a jiki da maka, suka zauna kan dan teburin Mma basu kara fita ba. Kudin duka bai kai abinda nake karba na dinkin yayin biki daya ba.

Amma bazan wanke ma'aikata tas ba. Rashin kaya gaskiya ne, sai dai akwai wanda ba rashin kaya bane, sabo ne. Likitoci biyu ke zagayowa, daya saurayi, duk sanda ya saurari kirjin Mma sai ya ciro auduga mai sifirit ya goge bakin abin kafin ya maida wuya, bai fi dakika kadan ba. Dayan babba ne, mutumin kirki mai fara'a, amma ko sau daya ban ga ya goge ba, daga kirjin Mma sai wuyanshi sai kirjin na gaba. Asibiti daya, kaya daya, albashi ma na babban ya fi.

Yanzu bari in juyo kanmu, dan rabin laifin namu ne mu 'yan zango, kuma wannan ne ya fi min ciwo. An killace Mma amma butarta bata killatu ba. Goggona, Allah ya saka mata dan da zuciya daya tayi, taga makwabciya a babban daki bata da buta zata yi alwala sai ta dauki ta Mma ta mika mata, ta hada da darduma. Kular abinci tazo daga gida da tuwo ta zauna kan gadon Mma ta koma gida a bude a zuba ma yara ragowar. Mafici, carbi, bargo, kofin koko, duk shiga suke suna fita. Waya kuwa ba'a magana, dan uwa ya kira daga Bronx ko Jidda ko Kano yace a bashi Mma, a kara mata a kunne ta rike da hannunta, a karba a sa a aljihu, da dare jaririn gida ya dauka yasa a baki. Wasu su sa safar hannu su taba Mma sannan da safar su dauki waya su amsa kira, to me safar tayi? Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mutum ya fi ashirin a kofar dakin, kowa yana so ya shiga ya rike hannunta yayi addu'a ya shafa.

Da na tsaya a kofa nace mutum biyu-biyu, kuma ba mai fita da komai, kawuna ya fusata yace kai yanzu kyamar uwarka kake? Maganar nan ta sokeni har yau ina jinta. Nace Kawu ka gafarceni, ni nake wanke mata kafa ni nake zubar da fo, ba kyama bace, jikokinka nake ji, da baiwar Allah da ke kwance can da dinki a ciki. Sai da wani malami cikin masu ziyarar yasa baki, yace Alhaji yaron nan yana kan daidai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gareshi, ya hana mai rakuma marasa lafiya ya kawosu cikin masu lafiya, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarshi daga hanyar Sham da yaji akwai annoba. Sannan Kawu ya sauko, ya tsaya daga kofa yayi addu'arshi Mma tana amin daga ciki, kuma ba abinda ya ragu a zumuncin.

Abin mamaki duk mun san wannan fa. Ranar 12 ga Maris 2020 aka sanar da korona ta shigo Ghana, 30 ga wata aka rufe Kumasi da Akra sati uku, a lokacin ko kiyos din mai kati sai ka ga bokitin Veronica a gaba, bokitin da 'yar kasarmu Veronica Bekoe ta kirkiro. A Yulin 2022 cutar Marburg, 'yar uwar Ebola, ta bulla anan yankin Ashanti, mutum uku ta kama biyu suka rasu. Kwalarar 2014 ta kama sama da mutum 28,000 ta kashe fiye da 200, 'yan uwanmu na Akra basu manta ba. Duk sanda abu yazo sai mu tashi tsaye, in ya lafa bokitin ya koma na jika wanki.

Rokona ga Ma'aikatar Lafiya da Ghana Health Service, tun 2015 akwai kundin ka'idojin kare yaduwar cuta a asibitoci da ma'aikatar ta fitar, rubutun yana nan, kayan aikin ne basu nan. Duk dakin da za'a manna ma takardar killacewa a bashi kayan awonshi na kanshi a cikin akwati mai murfi, da sifirit da kilorin da bazai yanke ba, in ba haka ba takardar kofar bata kare kowa. HeFRA da ke ba asibitoci lasisi in sunzo duba gini da takardu su kirga min na'urar awon jini nawa ce mai aiki a kowane daki, su daga madaurin su duba. Kuma a rika fada ma mai jinya da yarenshi tun ranar farko me zai shiga da me bazai fita ba, mu da Turanci aka rubuta a kofa, goggona bata karanta boko, da an fada mata da Hausa ko Tuwi da bata bada butar ba.

Sarakunan zango da limamanmu da magajiyoyi da kungiyoyin matasa na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo, mu bama jiran gwamnati in za'a sa tayil a masallaci ko a sayi motar daukar gawa, cikin sati biyu kudi sun hadu. To ga wata sadakar mai gudana, aje asibitin da mutanenmu suka fi kwanciya a tambayi babbar nas dakin killacewa nawa gareku, me da me kuke bukata, irin wanne ne kuke iya gogewa, kar a sayo da ka, a saya a rubuta lambar daki a jiki. Limamai kuma dan Allah a sa maganar buta da waya da kular abinci a huduba ko sau daya, daga bakinku in ta fito Kawu ma ji yake.

Mma ta samu sauki alhamdulillah, tana gida, kafar ta kame saura tabo. Ranar sallama babbar nas tasa aka goge kayan da muka saya a gabana aka barsu suka bushe, nace mun bar ma dakin, na kuma dinka musu jaka da leda mai kauri irin ta rumfa wadda ruwa baya shiga, ba zif ba makali, dan a iya wanketa ciki da waje. Buta da kofi da bargon Mma sai da aka jikasu a ruwan Parazone kafin suka shiga gida. Mu a kungiyarmu ta teloli munyi magana, karshen watan nan zamu hada na daki biyu. Malam Edita in da hali ka tura wakilinka ya zaga asibitocin Kumasi da Akra da sassafe lokacin awon farko, ya tsaya kusa da dakin da aka manna ma takarda, ya bi na'urar da ido yaga inda zata in ta fito, ya rubuto mana.

Na gode da filin da ka bani, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka ma masu kula dasu da alheri. Wassalam.

Naka,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi